Yadda na gyara ƙafar Corolla a ƙofar gida

Motata Corolla ce ƙirar 2005, kuma ramukan damina sun gama da ƙafarta ta gaba. Da na taka gargada sai in ji ƙwas daga ɓangaren direba, sitiyari yana wasa, tayar hagu kuma ta cinye ta ciki alhali zanen waje yana nan.

Ban sayi komai ba sai da na gano abin da ya mutu, don a nan kuɗi ke salwanta. Na ɗaga motar, na kama tayar ta gefe da gefe na girgiza, ƙanena yana leƙe ta ƙasa. "Yaya, ga shi nan yana rawa," in ji shi, yana nuna kan tayarod, ƙarfen da ke haɗa sitiyari da taya. Girgizar sama da ƙasa kuwa ita ke tona asirin boljoyin, mahaɗin mai ƙwallon ƙarfe da ke riƙe ƙafar ta ƙasa, ko beyarin da tayar ke juyawa a kansa. Robar boljoyin ɗin ta yage, giris ya tsiyaye, yashi ya shiga ya yi ta cin ƙwallon.

Jak kaɗai ba abin amincewa ba ne. Na tokare motar da kututturen itace, na tura tayar da na cire ƙarƙashinta. Bulon siminti kuwa ban yarda da shi ba, fashewa yake ba sallama.

Kwance tayarod ne ya fi cin rai. Na zare fin, na sassauta noti, amma ƙarfen ya ƙi fita, saboda bakinsa a tsuke yake shiga ramin, ya kama gam. Ba a dukan kansa, zaren zai lalace. Gefen ƙarfen da ya riƙe shi ake kai wa guduma, duka mai kyau, sai ka ji ya saki da kansa. Kafin in warware shi na shafa fenti a inda notin baya ya tsaya, na kuma ƙirga juyin da ya yi kafin ya fita, domin sabon ya zauna kusa da inda tsohon yake.

Na zuba tsofaffin a leda na tafi kasuwar kayan gyaran mota ta Ƙofar Ruwa a Kano, aka gwada su da sababbi ido da ido. Akwai 'yan Beljiyam, wato na hannu, masu sauƙin kuɗi, amma a kan boljoyin ban ga dalilin rowa ba: in ya tsinke kana gudu, tayar ce za ta kwanta a titi. Kowanne aka miƙo mini sai na murɗa ƙwallonsa da hannu. Wanda ya juya sakwa-sakwa, na mayar.

Lowa am ɗin ma, ƙarfen ƙasa da ke haɗa ƙafar da jikin mota, na canza shi, don bushin ɗinsa na roba ya tsattsage. Wani tsohon bakanike a layinmu ne ya tsayar da ni ina shirin ɗaure shi tamau motar na sama. Ya ce in sa notin ya kama kawai, sai nauyin motar ya sauka a kan ƙafar sannan in ƙarasa. In an ɗaure ƙafa na lilo, robar za ta zauna a murɗe, ba za ta daɗe ba ta sake yagewa.

Shokazoba ne ban buɗe ba. Sifirin ɗin da ke kansa a matse yake da ƙarfin da zai iya karya ƙashi, kuma ba ni da abin matse shi. Na ciro shi ɗungurum na kai gareji.

Washegari na lallaɓa a hankali zuwa wurin alaimen, inda ake saita tayoyi, domin fenti da ƙirga juyi kai ka can kawai suke yi. Na'ura ta nuna tayar hagu ta ɗan buɗe waje, mai aikin ya juya tayarod kaɗan ya ɗaure, sitiyari ya miƙe. Bayan mako guda na sake bin notocin da sifana ɗaya bayan ɗaya.