Hanyar sarki da allunan guzuri

Talata, bayan isha'i.

Tun hantsi nake kan daular Farisa ta farko, har la'asar ta yi ban bar batun hanyar sarki ba.

Kafuwar ba ta ɗauki lokaci ba. Sairus ya gaji sarautar Anshan, a kudu maso yammacin Iran ta yau, wajen shekara ta 559 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kayar da sarkin Midiya a 550, ya ci Lidiya, ya shiga Babila a 539. Ɗansa Kambisis ya haɗa da Masar a 525. Dariyus, wanda ya hau a 522, shi ya yi wa ƙasar tsari: larduna kusan 20, kowanne da gwamnansa da harajin da aka yanka masa. A lissafin Hirodotus, marubucin tarihi Bagirke, lardin Babila na kai talanti (wani babban ma'aunin nauyi) 1,000 na azurfa duk shekara, Masar 700, Farisawa kuwa an ɗauke musu.

To, ta yaya umarni ke isa wannan nisan duniya? Hanyar sarki, daga Sardis a yammacin Turkiyya ta yau zuwa Susa, ɗaya daga cikin biranen sarautar, kimanin kilomita 2,500 ce, da zango 111, tafiyar kwana 90 ga mai ƙafa. Manzannin sarki kuwa, a kowane zango akwai doki da mahayi suna jira, a miƙa saƙo hannu da hannu, ba dare ba rana.

Abin da ya fi kama ni shi ne dubban allunan yumɓu da aka tono a Farsafolis, birnin fadar sarakunan Farisa. Matafiyin gwamnati na riƙe da takarda mai hatimin sarki ko na wani babba. Ya nuna ta a zango, a auna masa gari kamar lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi na yini, wani a ƙara masa abin sha. Magatakarda ya rubuta sunansa, inda ya fito, inda za shi, a danna hatimi, a aika allon fada don a duba lissafin rumbu. Wallahi wannan tsantseni ya burge ni. Ko abincin doki sai an rubuta.

Inda gizo ke saƙar shi ne gwamnan da ke nesa: kuɗi a hannunsa, mayaƙa a ƙofarsa. A 401 Sairus ƙarami, wani ɗan sarki da ke gwamna a Sardis, ya taso daga can da sojojin haya Girkawa sama da 10,000 don ya ƙwace gadon sarautar yayansa, Sarki Artazaksis. Sai da ya iso Kunaksa, kusa da Babila, aka tare shi, a nan aka kashe shi.