Fim ɗin Caina da ba a tashi sama

Idan abin da kake nema a fim ɗin Caina shi ne mutum ɗaya ya tarwatsa ƙarti hamsin, ya taka bango ya tashi sama, to ka adana datarka, wannan ba naka ba ne. In kuwa za ka iya zama awa ɗaya da minti arba'in da biyar kana kallo ba a cusa maka bayani a baki ba, ina ganin The Assassin ya cancanci ka ba shi dare guda. Fim ne na 2015, na darakta Hou Hsiao-hsien mutumin Taiwan, kuma da shi ya ci kyautar gwarzon darakta a bikin fina-finai na Cannes a Faransa a shekarar. Ni dai ba kyautar ce ta riƙe ni ba, labule ne. Sana'ata ke nan a nan Jidda: in auna taga, in yanka yadi, in ɗinka, in hau tsani in rataya.

Bari in fara da labarin, domin fim ɗin rowar labari gare shi, kuma wanda ya shiga bai san dangantakar mutanen ba zai ɓata tun da wuri. Zamanin daular Tang ne, ƙarni na 9. Tun bayan tawayen wani janar mai suna An Lushan na 755 zuwa 763 fadar sarki ta yi rauni, gwamnonin soja na wasu lardunan arewa suka riƙa cin gashin kansu, uba ya mutu ɗa ya gaje shi. Weibo na cikin waɗannan larduna. Yarinyar da fim ɗin ke kanta, Nie Yinniang, 'yar wani babban sojan Weibo ce. Tana shekara goma wata gimbiya da ta bar fada ta koma zaman bauta ta ɗauke ta, ta koya mata kisa. Farkon fim ɗin baƙi da fari ne. Za ka ga ta sare wani mutum a kan doki kafin ka ƙifta ido. Aiki na biyu sai ta tarar da wanda aka aike ta kansa yana wasa da ƙaramin ɗansa, hannunta ya ƙi. Malamarta ta ce to, tun da zuciyarki ba ta bushe ba, koma garinku ki kashe Tian Ji'an, mai mulkin Weibo. Shi kuwa ɗan kawunta ne, kuma da shi aka yi mata baiko tana ƙarama, kafin a warware a aura masa 'yar wani gida mai ƙarfi saboda siyasa.

Duk wanda ya taɓa ganin an fasa auren zumunci a gidansu ya san yadda abin yake: ba wanda ke ɗaga murya, ana gaisawa, ana cin abinci tare, amma kowa ya san inda ba a taɓawa. Haka mutanen fim ɗin nan suke. Shu Qi, wadda ta fito a Yinniang, maganar da ta yi gaba ɗaya ba ta da yawa, za ka iya ƙirga ta. Kukanta ma sai da ta rufe fuska da ƙyalle sannan ta yi shi.

Mun kalle shi ne a ɗakin da ke saman shagonmu bayan sallar isha'i, da fassarar Larabci a ƙasan allo, ni da abokin aikina da ɗan yayata, wanda haifaffen Makka ne, Larabcin ya fi zama a bakinsa. Shi muka sa yana karanta mana inda rubutun ya yi sauri. An yi kusan rabin awa sai ya juyo ya ce, "Kawu, wai yaushe za a fara fim ɗin?" Na ce masa ai an yi nisa. Ya ce shi dai bai ga an yi komai ba sai tafiya da tsayuwa. Abokin aikina kuwa ya ce, "Malam, in an zo faɗan ka tashe ni," ya jingina da ƙunshin yadi.

Ban ga laifinsu ba. Mu da muka tashi da kallon Bruce Lee da Jackie Chan da Jet Li, faɗa muke jira, sauran duk ciko ne. A nan kuwa faɗan ba ya daɗewa. Yinniang 'yar gajeriyar wuƙa gare ta, ta kai sara biyu ko uku, ta juya ta yi tafiyarta. Akwai inda ta haɗu da wata mata mai abin rufe fuska na zinariya a cikin dajin fararen itatuwa. Suka yi 'yar arangama, suka tsaya cak, kowacce ta kama gabanta, sai daga baya ka lura an tsaga abin rufe fuskar. Ko wace ce matar, fim ɗin bai buɗe baki ya gaya maka ba.

Yanzu ga inda na miƙe zaune. Tian Ji'an yana ɗakin ƙwarƙwararsa da dare yana ba ta labarin yarinyar da aka raba shi da ita, ita kuma yarinyar tana tsaye a ɓoye tana ji. Mai ɗaukar hoton, Mark Lee Ping-bing, bai shiga ɗakin da kyamara ba, ya tsaya ne bayan labulaye masu shara-shara, inda mai laɓen take. Iska ta kaɗa, labule ya gitta, fuskokin su dusashe, hasken kyandir ya bazu ya zama ja-ja. Iska ta janye shi, komai ya fito tar. Haka ake ta yi tsawon hirar. Ni na san abin da shara-sharan yadi ke yi wa haske, domin kullum sai na ɗaga shifon a gaban fitilar shago in nuna wa mai saye: falle ɗaya launi daban, ka ninka biyu ya canja, in iska ta raba su ya sake canjawa. Amma masu sayen labule a garin nan mafi yawansu so suke a sa musu mai kauri a baya, ya tare rana, ya riƙe sanyin na'ura, kada a ga komai. Ban taɓa ganin wanda ya sa labule ya yi aikin ba da labari ba sai a nan. Ba a ce maka tana kishi ba, ba a ce maka tana tausayinsa ba. An tsayar da kai inda take tsaye, kana ganin mijin da ya kamata ya zama nata, yana fitowa yana ɓacewa. Na mayar da wurin baya na sake kallo, ɗan yayata yana ta tsaki.

Sautin ma haka. Kiɗa kaɗan ne, sai kukan gyare, tsuntsaye, iska a ganye, da ganga da ake bugawa daga nesa. In ka kalle shi a waya cikin hayaniyar kasuwar Bab Makka ta nan Jidda ka yi asarar rabinsa. Hoton ma ba mai faɗi ba ne irin na finafinan yanzu, kusan murabba'i ne, ga duhun ɗakuna, a ƙaramin allo duk sai ya dunƙule. A nemi talabijin babba, a kashe fitila. Tun 2018 aka sake buɗe gidajen silima a ƙasar nan, amma ba irin wannan ne ke cika kujerunsu ba. Irinsa sai dai a bikin fina-finai na Bahar Maliya da aka fara a Jidda a 2021.

Ba zan wanke shi tas ba. Zaman fadan da ake yi ana muhawara kan ko a yi wa sarki biyayya ko a ja daga, ya gajiyar da ni, sunayen garuruwa da na hakimai suna ta wucewa ba ka san na riƙewa ba. Akwai gimbiyoyi biyu, tagwaye ne, wadda aka aurar Weibo don a zauna lafiya da wadda ta koma bauta, kuma mace ɗaya ce ta fito a duka biyun, sai ka rasa wa kake kallo. Akwai kuma batun uwargidan Tian Ji'an da ke bibiyar cikin ƙwarƙwara, har da boka mai yanka 'yar tsana ta takarda yana tura asiri. Wannan ɓangaren a wurina shi ne mafi rauni, kamar daga wani fim aka yanko shi. Amma babu batsa, jini ma kaɗan ne, ana iya kallo da manyan yara in za su iya zama.

Abokin aikina da ya farka ya riski ƙarshen, inda Yinniang ta koma wurin malamarta a kan dutse, hazo yana tasowa daga ƙasa har ya rufe su. Ta ce ba ta kashe Tian Ji'an ba, domin 'ya'yansa ƙanana ne, in ya mutu Weibo za ta rikice. Ya ce, "Malam, wannan ai son tsohon saurayi ne kawai, ta fake da yara." Na ce ni ban yarda ba, domin tun a farko, kan mutumin da ba ta haɗa komai da shi ba, yaro ne ya tsayar da hannunta. Ya ce ai bai ga farkon da kyau ba. Har muka rufe shago muna wannan gardamar.

A 2023 iyalan Hou suka sanar cewa ya ajiye aiki saboda ciwon mantuwa, wato wannan ne fim ɗinsa na ƙarshe. Wanda zai kalla, kafin ya kunna ya ɗauki takarda ya rubuta: yarinya, ɗan kawunta, uwargidansa, ƙwarƙwararsa, gimbiyoyi biyu. Kuma kada ya gayyaci wanda ya wuni yana aiki a rana.