Ga Ƙannena Masu Shirin Karatu a Ƙasar Dusar Ƙanƙara

Ƙannena masu cike takardun tafiya Rasha, Kanada ko Turai, kada ku ruɗi kanku cewa mu mutanen ƙasar Gumel mun san sanyi. Jaurar Janairu a nan da wuya ta kai ƙasa da digiri 10, kuma hantsi na yi an tuɓe suwaita. A Mosko, inda na yi karatu, wasu ranakun har digiri 20 ƙasa da sifili ake kaiwa, tun Nuwamba ake fama sai Maris.

Na tafi da akwati maƙare da gwanjon Ƙofar Wambai, na riƙa jibga riguna ɗaya kan ɗaya, ta ciki kuma singiletin auduga. Ashe jirgin ƙarƙashin ƙasa da azuzuwa duk da ɗumi. Sai in yi sharkaf da gumi, auduga ta riƙe shi, ina fitowa waje jiƙaƙƙiyar rigar ta koma min ƙanƙara a jiki. Mura ba ta rabu da ni ba a shekarar farko. Hawa uku sun isa: ta ciki mai saurin bushewa, ta ulu a tsakiya, sai babbar riga mai tare iska wadda za ka tuɓe da zarar ka shiga gini. Ita babbar rigar da takalmi ku bari sai kun isa can, ku nemi tsohon ɗalibi ya raka ku.

Takalmin nan ya fi komai. A saye shi da ɗan sarari saboda safa mai kauri, don wanda ya matse ƙafa yana hana jini gudu, yatsu su mutu da wuri. A duba ƙasansa, ya zama mai kaushi. Dusar da ta narke da rana ta sake daskarewa da dare ita ce mai kayar da mutum, tana nan kamar daɓen siminti da aka zuba wa ruwan karkashi. Na sha ƙasa hannuwana cikin aljihu, na gurɗe wuyan hannu. Gajeren taku, hannu a waje cikin safarsa.

Idan kunne ko yatsa ya yi fari ka daina jinsa, kada ka murza, kada ka tsoma a ruwan zafi yadda na yi. Ba za ka san kana ƙonewa ba. Ruwa mai ɗumi-ɗumi kawai, in ya yi bororo kuma sai asibiti. Kaskon garwashin da muke kwana da shi a gida kuwa, ko da wasa. Ɗakunan can ba kafar iska, hayaƙin gawayi ba shi da wari, a cikin barci yake kisa.

Amma abin da ya fi karya ni duhu ne. A Mosko, a Disamba rana ba ta fitowa sai wajen 9 na safe, kafin 4 ta faɗi. Azahar, La'asar da Magariba duk suna iya riskar ka a makaranta. Na koma kulle kaina a ɗaki, barci ba ƙoshi, zuciya a cunkushe, har darussa suka fara kuɓuce min. Ku tilasta wa kanku fita da tsakar rana ko ba ku da wurin zuwa, kada ku bar Juma'a, ku kuma tambayi likita batun bitamin D, tunda baƙar fata ta fi buƙatar rana kafin ta samar da shi. Hukuncin shafa a kan huffi ku zauna da malam tun a gida, kuma a goge ruwan alwala sosai kafin a fita.

Gurbin da na ɓata da gwanjo ku cika shi da man kaɗanya, don na'urar ɗumama ɗaki tana busar da fata har leɓe ya tsage, sai kuka, daddawa da yaji. Kilishi kam ku cinye shi a nan: Kanada da ƙasashen Tarayyar Turai ba sa barin matafiyi daga Najeriya ya shiga da nama.