Zotero da Lambar DOI

Ɗalibai masu rubuta kundin digiri, don Allah ku daina kwafo bayanan muƙala kai tsaye daga Google Scholar. Sau da yawa sai sunan wani marubuci ya ɓace, ko shekarar ta zama ta wani bugun daban, ba a ganowa sai ranar kare kundi.

Ku nemi lambar DOI, wato lambar shaida ta musamman da ake bai wa muƙala, kullum da 10 take farawa, ku liƙa ta a alamar sandar sihiri ta Zotero, manhajar tara bayanan muƙalu da tsara manazarta, zai ɗauko bayanan, galibi daga Crossref, rumbun da ake rajistar lambobin DOI. PDF ɗin da aka ɗauka a hoto kuwa, Zotero ba ya iya karanta shi don ciro bayanan, in ba shi da DOI sai dai a shigar da su da hannu.

Megabait 300 kaɗai Zotero yake bayarwa kyauta don ajiye fayiloli a intanet. Ku kashe aika fayiloli zuwa can, bayanan kansu ba su da iyaka.