Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: "Ina Zuwa"

Satin da ya wuce na tsaya a kan rabuwarmu da Yaya a shago, to ku yi haƙuri sai wani satin zan ƙarasa, don shekaranjiya na kira ɗana Baffa a waya ya ce min "Abba ina zuwa" ya kashe, har yanzu da nake rubutun nan shiru, shi ne maganar Yankari ta dawo min sabuwa fil.

A 2006 ne, dogon hutu, tsakiyar Agusta. Lokacin kasuwa ta buɗe min a Kwari, in fita yara ba su tashi ba in dawo sun yi barci, kuma ni a ganina ba ni da laifi tunda tukunya ba ta taɓa kwana ba wuta ba. Goggo, Allah ya kai rahama kabarinta, ita ce kullum take ce min, "Kai dai kana ciyarwa amma ba ka zama, yaro kuwa ba abin da aka sayo masa yake riƙewa ba, wanda ya zauna kusa da shi yake riƙewa." In ce Goggo in na zauna wa zai biya kuɗin makaranta? Sai ta ja carbinta ta yi shiru.

To ranar da aka ba su hutu na ce kowa ya shirya za mu Yankari kwana uku. Maganar gaskiya ba don Goggo na yi ba, maƙwabcina ne ya kai nasa Abuja suka dawo suna ta cika wa nawa baki. Yaya da ya ji cewa ya yi almubazzaranci ne, wai daji ma sai an biya kuɗi a gani, shi da ko gidan zoo na nan Kano bai taɓa kai nasa ba, amma dai bari na bar wannan.

Muka bi ta Ningi zuwa Bauchi, muka hau hanyar Gombe, a Dindima muka karya kwana, daga ƙofar Mainamaji kuma akwai wajen kilomita 40 cikin daji kafin Wikki, inda masaukin baƙi yake. Maman yara ta cika but da dambun nama da cincin, ko awa ba mu yi da sauka ba gwaggon biri ya fizge ledar cincin a hannun Ummi ya haye rufin ɗaki yana ci yana kallonmu, ta yi kuka har ta gaji. Ba wanda ya gaya min damina ba lokacin ganin dabbobi ba ne, ciyawa ta fi mutum tsawo, ruwa ko'ina, giwaye ba su da dalilin gangarowa kogin Gaji, sai da rani ake ganinsu. Mun dai ga gwanki da mugun dawa, giwa kam kashinta kawai mai yi mana jagora ya nuna mana, Baffa ya tsaya yana ta mamakin girmansa.

Amma ruwan Wikki fa, kai! Garai-garai kana hango yashin ƙasa, ga ɗumi, digiri 31 dare da rana, yana ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse. Baffa shekararsa tara, ya tsaya ruwa iya ƙugu ya ce Abba zo ka koya min iyo, don na sha ba shi labarin yadda muke iyo a kududdufi muna yara. Na ce ina zuwa. Ina da dila-dilan atamfa a hanya daga Legas, direba ya ɓace min kwana biyu, wajen kuma ba netwok sai ka hau tudu ka ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Na hau na sauko, na hau na sauko. Washegari ya sake kira, ina zuwa. Rana ta uku bai kira ni ba, wani bawan Allah da ya zo da iyalinsa daga Jos ne na hango ya tallafo cikinsa yana ce masa buga ƙafa, buga ƙafa.

Kayan sun iso lafiya, ashe mota ce ta lalace a Mokwa. Ribar da na ci a kansu wallahi ban ma tuna ta ba yanzu.

Ranar ɗaurin auren Baffa abokai suna ta hira sai na ji yana cewa shi a Yankari ya koyi iyo, wani mutumin Jos ya koya masa, ko sunansa bai sani ba amma har gobe yana tuna hularsa. Ina zaune a gefe da babbar riga ina karɓar gaisuwa, maganar Goggo ta faɗo min, wanda ya zauna kusa da shi. Ita da muka dawo ma ba ta tambaye ni ko mun ga giwa ba, Baffa ta jawo ta ce babanka ya shiga ruwan? Ya ce a'a yana waya. Ta dube ni, ta ce a miƙo mata goro.

Bana na ce ya kawo min jikokin su yi hutu a nan, na ma sa an yi wa motar sabis, ya ce zai duba in aiki ya yi sauƙi.