Abin da furojet ɗin mastas ya koya min

Alhamdulillah na yi difens, na kwashe kayana daga lab, amma akwai abin da ya tsaya min a rai da nake so ƙannena masu shigowa ɓangaren antena su sani.

Aikina a kan metamatiriyal ne, wato abin da ake ƙerawa da ƙananan siffofi don ya sarrafa igiyar rediyo, irin mai bambanta hannun dama da na hagu, wanda ake cewa kairal. Gicciye ne na tagulla a fuskar allon FR-4, irin allon da ake haɗa kayan lantarki a kai, wani a bayansa an ɗan murɗa shi, sai ya zama hotonsa a madubi ba zai taɓa hawa kansa daidai ba, kamar takalmin hagu da na dama. Na jera su ƙanana ƙanana don su yi aiki wajen gigahaz 10, inda tsawon zangon igiyar santimita 3 ne, igiyar da ke juyawa dama ta wuce, mai juyawa hagu a tare ta. Abin ba sabo ba ne, tun 1898 masanin kimiyya Bose ya murɗa zaren jut, mai kama da rama, a Indiya ya juya igiyar maikurowef da shi, wani masanin, Pendry, kuma ya farfaɗo da maganar a 2004. Kuma yana da amfani sosai, siginar GPS dama take juyawa, in ta bugi bango ta dawo sai ta koma hagu, shi ya sa antena mai kyau ke ƙin karɓar wadda ta dawo ɗin.

To ranar semina na ɗora sakamakona, mai duba aikina ya miƙe a gaban kowa ya ce wai ban san dama da hagu ba, giraf ɗin duk a juye yake. Na ce ranka ya daɗe ƙa'idar IEEE, ƙungiyar injiniyoyin lantarki, na bi, ita tana kallon igiyar ne daga bayanta tana tafiya, littattafan ilimin haske na da kuma suna kallonta tana tahowa gabanka, saboda haka damar wannan ita ce hagun wancan. Bai bari na ƙarasa ba, ya ce kai yaro ni za ka koya wa? Aka yi dariya. Ya ƙi sa hannu, ya ce in sake simuleshan daga farko, ni da ke zuwa daga Tudun Wada kullum da laftof mai ram 4, CST, manhajar simuleshan ɗin, ya kwana yana lissafi wuta ta ɗauke komai ya tafi. Zangon karatu guda ya salwanta, na sake biyan kuɗin makaranta daga gumin mahaifina, kuma lambobin nan dai su suka sake fitowa.

Da malamin waje ya zo ya duba ya ce aikin daidai yake tun farko, wallahi ko kallona mai duba aikin nawa bai yi ba. Da takardar binciken ta fita sunansa ne a gaba. Na bar shi da Allah, amma har yau in na tuna dariyar nan zuciyata tafasa take.

Saboda haka a shafin farko ka rubuta ƙa'idar da ka bi, ka zana kibiya, duk gyaran da aka ba ka ka nemi a rubuta. FR-4 na cin sigina a wannan mitar, in da hali ka nemi allon Rogers. Kafin a wanke allo da sinadari don fitar da zanen tagullar, ka duba ko mai bugawa ya juya maka fuskar baya, don murɗin zai canza. Kuma ka ajiye fayil ɗinka wuri biyu.