Granada: Wuni a Alhambra, Dare a Kogon Dutse

Abin da ya fara gyara mini zama a Granada, birnin da ke kudancin Sifaniya, shi ne agogon mutanen garin. A watan Yuni na je, daga Madrid a jirgin ƙasa mai gudu, tafiyar awa uku da 'yan kai. A lokacin rana ba ta faɗuwa sai tara da rabi ta gota, isha'i kuwa sai bayan sha ɗaya. Da ƙarfe biyu na rana ƙananan shaguna su ja ƙofa, zafi ya kori kowa, sai wajen biyar a sake fitowa. Abincin dare ba a maganarsa kafin tara. Wanda ya ce shi goma yake kwanciya kamar yadda ya saba, to otal ya zo gani, ba gari ba.

Alhambra, tsohuwar fada da ganuwar sarakunan Musulmi na garin, ita ce ke kai yawancin mutane can, kuma tikitinta ba a sayensa a bakin ƙofa da fatan sa'a. Makonni kafin tafiya na saya ta intanet. Da sunanka ake buga shi, sai ka nuna fasfo, kuma an rubuta maka lokacin da za ka shiga fadar sarakunan Banu Nasr. Ka makara, shi ke nan, ba roƙo ba magiya.

A cikin fadar na fi daɗewa. Bango bayan bango an sassaƙa rubutun Larabci a jikin farar ƙasa, kuma jimla ɗaya ce ke ta maimaituwa, taken gidan sarautar: wa la galiba illallah, wato babu mai rinjaye sai Allah. Baƙi na ta ɗaukar hotonsa a matsayin ado, alhali duk wanda ya yi makarantar allo yana iya bin haruffan da ido ya karanta. Sai kuma ruwa. Tun ƙarni na 13 aka janyo shi daga kogin Darro ta magudanar da ke bin gefen dutse, ba inji ba famfo, gangara kawai aka lissafa. Shi ne ke bin tsakar ɗakuna ta siraran kwatoci, shi ne ke fita daga bakin zakuna 12 na dutsen marmara a farfajiyar da Sarki Muhammadu na Biyar ya gina. Zafin waje na dukan mutum, amma da ka shiga nan sai jiki ya saki. A ranar 2 ga Janairun 1492 sarki na ƙarshe, wanda Turawa ke kira Boabdil, ya miƙa garin ga sarakunan Kirista, Fernando da matarsa Isabel. Mu ma muna da ɗan rabo a tarihin: Abu Ishaq al-Sahili, mawaƙin da Mansa Musa ya taho da shi Mali bayan hajjin 1324, ɗan garin nan ne, a Timbuktu kuma ya rasu.

Da la'asar sakaliya na haura tsohuwar unguwar Albaicín. Lungunanta kamar na cikin birnin Kano suke, ka shiga nan ka ɓulla inda ba ka zata ba, sai dai duk hawa ne kuma daɓen duwatsu, don haka takalmi mai santsi ba nasu ba ne. A can sama dandalin San Nicolás yake, inda jama'a ke cincirindo don kallon Alhambra da tsaunukan Sierra Nevada a bayanta. Dab da shi akwai babban masallacin garin, wanda aka buɗe a 2003. Lambunsa na da kallo iri ɗaya ba tare da turereniya ba, nan na zauna har aka kira magariba.

Dare ne na ɗan yi wa shakka, ni da ba na shan giya. Ashe hirar daren garin yawanci yawo ce da ciye-ciye, har da tsofaffi da yara a keken jarirai. Al'adarsu ita ce duk abin sha da ka saya, ko lemo ne ko ruwan inabi marar bugarwa da suke kira mosto, sai a haɗo maka da ɗan farantin abinci kyauta, wato tapas. Ka sha nan, ka matsa gaba, kafin ka ankara ka ƙoshi. Wurin lura shi ne naman alade, domin yana ɓuya inda ba ka tsammani: cikin wake, bisa miyar tumatir mai sanyi. Tun kafin a kawo nake cewa "sin cerdo, sin jamón", wato ban da naman alade, kuma ba wanda ya ɓata rai. Soyayyen kifi na titin Navas da soyayyen yalo da aka yaryaɗa wa zumar rake su ne suka riƙe ni. Daga nan sai titin Calderería Nueva, inda gidajen shayi na 'yan Maroko suka jeru, a sha na na'ana'a a huta.

Kusa da babban cocin garin akwai mata masu miƙo maka ganyen ƙamshi wai kyauta. Ka karɓa, su kama tafin hannunka su yi maka duba, sannan su nemi kuɗi. Hannu a aljihu, ka wuce.

Flamenko kuwa, wato rawa da waƙar gargajiya ta yankin, a unguwar Sacromonte na kalla, a ɗaya daga cikin kogunan da 'yan ƙabilar Gitano suka haƙa a jikin dutse suka mayar gidaje. Ɗaki ne dogo siriri, an shafe shi da farar ƙasa, tukwanen tagulla na rataye a sama, kujeru jere a bango hagu da dama. Mai jita ɗaya, mawaƙi ɗaya, sauran tafi ne da dukan ƙasa da dunduniya. Mai rawar ta zo daf da ni har gefen siket ɗinta na shafar gwiwata, fuskarta a murtuke, zufa na ɗiga. Gaskiya wasan don baƙi aka shirya shi, motoci ke sauke su rukuni-rukuni, amma muryar dattijon da ke waƙar ba ta kasuwa ba ce. Wanda zai je ya zaɓi wasan ƙarshe, ya kuma tambayi lokacin da ƙananan bas-bas jajaye na unguwar ke daina aiki, in ba haka ba gangarowa ce a ƙasa ta bakin Darro har Plaza Nueva.